Mai Igiya a Ƙafa

Mijina ɓarawo ne a da. Na fi son in faɗa da bakina tun yanzu, don na gaji da matan da ke matsowa kusa da ni a gidan biki suna raɗa mini, wai su sun kawo mini labari. Na sani tun kafin a ɗaura mana aure. Shi da kansa ya faɗa mini a zauren gidanmu a Yelwa, yana ta murza hula a hannu, ni kuma ina ta danne dariya don ban taɓa ganin ƙato yana zufa haka ba. Injin jirgin ruwa ya sata tun yana saurayi. Aka kama shi kafin ya sayar, aka mayar wa mai inji kayansa, shi kuwa ya yi zaman gidan yari ya fito. A can ne ya gane cewa in ya buɗe baki yana ba da labari, har gandiroba sai ya jawo benci ya zauna.

Da ya fito sai ya kama gyaran injin jirgi a bakin ruwan Yelwa. Ni ina koyarwa a firamare. Bayan la'asar yakan wanke baƙin mai, ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ya yi ta rubuta labaran ɓarayi da 'yan sanda. Rubutunsa kuwa, Allah ya kyauta, ko 'yan ajina ba su yi mini irinsa. Ni nake sake kwafewa, ina yi ina faɗa, yana yi mini daɗin baki.

Littafinsa na farko ya fito a lokacin da aka yanke mana jihar Kebbi daga Sakkwato. Garin nan kowa kansa na rawa. Mai shayin bakin tasha yana ganin shi ma za a kira shi Birnin Kebbi a ba shi ofis, shugaban makarantarmu ya ɗinka sabuwar babbar riga yana jiran a neme shi. A cikin wannan hayaniyar aka sauke mana kwalin littattafan daga Kano, ya sha hanya a kan motar barkono, duk wanda ya buɗe littafi sai ya yi atishawa. Muka rufe ƙofa muka yi rawa ni da shi a tsakar gida, ba kiɗa ba komai, muna atishawa muna dariya. Na yi farin ciki ranar nan har na manta da miya a wuta.

Abu ɗaya ne ya hana daɗin ya cika, shi ne Inna, mahaifiyarsa, wadda ke zaune a Wara. Tun ranar da aka kama shi ba ta ƙara cin komai da ya fito daga hannunsa ba. Ba ta zage shi ba, ba ta yi masa baki ba. In ya je gaishe ta tana amsawa, har ta sa masa albarka. Amma in ya aika da shinkafa, jirgin da ya kai ta shi ke dawowa da ita. Kuɗin gyaran inji ma ta ce ba ta so, don a wurin sata hannun ya koyi kwance inji. Lokacin da na haihu ta zo mana da garinta da 'yar tukunyarta, ta kafa murhu a gefen rijiya ta riƙa dafa nata. Ƙuli-ƙuli take yi tana ci da kanta, ga tsufa ya kama ta, hannunta har rawa yake in ta ɗaga taɓarya. Mijina mutum ne mai barkwanci, amma sau da yawa sai in ga ya kai loma baki ya tsaya, ya ture kwanon ya ce ya ƙoshi. Ina ganin haka na san Inna ya tuna.

Saboda haka da kuɗin littafi ya fara shigowa, bai sayi ko takalmi ba. Buhun shinkafa ya saya, muka shiga jirgi sai Wara. Ya durƙusa ya ajiye littafin a gaban Inna, ya ce wannan dai da biro aka same shi, ba hannun kowa a ciki.

Ta juya littafin ta duba bangon, inda aka zana wani mai baƙin tabarau riƙe da bindiga. Ta ce, “Mi ac ciki?”

“Labarin ɓarayi na, Inna, da 'yan sandan da ka kama su.”

“To. Da can kayan mutane kaɗ ɗauko za ka saidawa. Yanzu satar da kanta ka aza bisa takarda kana saidawa. Ɗauke shinkahwarka.”

Wallahi na so in yi dariya, don maganar ta zauna daram, amma da na kalli fuskarsa sai dariyar ta koma. Ni ba na iya yin shiru, sai na matsa na ce, “Inna, to yanzu mi za shi yi ki ci? Ko sai ya mutu?”

Ta harare ni, sannan ta ce, “Mai injin yana nan da rai. Ranar da yaz zauna yac ci tuwo da wancan akushi guda, ni ma in ci.” Ba ta kiran sunansa, ɗan fari ne, kullum wancan take ce masa.

A hanyar dawowa na ce ai abin ya zo da sauƙi, mu nemi mutumin kawai. Ya ce shi ya fi son a mayar da shi gidan yari da ya haɗa ido da dattijon nan. Ga shi kuma duk wanda ya tambaye shi game da littafin, amsa ɗaya yake bayarwa: ƙagaggen labari ne, daga kansa ya fito. Ya riƙe wannan magana gam, don yana ganin ita ce ta rufa masa asiri.

Sai dai akwai wani babi a littafin da ba daga kansa ya fito ba. Masunta da dare suke aiki, da rana suke barci a inuwar bakin ruwa. Mai inji yakan ɗaura siririyar igiya a jikin injin, ya ɗaura ɗaya bakin a babban yatsan ƙafarsa. Ruwa na kaɗa jirgi, igiya na ɗan fizgar yatsa, shi kuma yana barcinsa da wannan fizgar. Da ta tsaya, ko ta yi ƙarfi, zai farka. Ɓarawon cikin littafin sai ya zo ta cikin ruwa da gora, irin wadda masunta ke hawa su yi iyo, ya zuba mata ruwa daidai yadda za ta yi nauyi, ya mayar da igiyar kanta a hankali. Gora na rawa a kan ruwa, yatsa na jin fizga, mai inji na ta munshari har rana ta yi sanyi. Da ya farka ya jawo igiya, sai ga gora tana tahowa.

Wannan babin shi ya tayar mana da ƙura. Akwai wani malamin makaranta, Kirista ne daga wajen Ngaski, mai murya kamar rediyo, shi ya fara karanta wa fasinjoji a jirgi ranar kasuwa. Aka ce da ya zo wurin gora sai da direba ya rage wuta, don mutane sun kife gefe ɗaya suna dariya jirgi na neman juyewa. Daga nan kowane jirgi sai an nemo mai karatu. Waɗanda ba su san ko bihim ba suka riƙa sayen littafin suna sawa a aljihu, ko Allah zai haɗa su da mai boko a hanya. Kwali ya ƙare, aka aiko da wani. Yara a unguwa suka riƙa ɗaura wa juna zare a yatsa in wani ya yi barci. Ni kaina na kama 'yan ajina sun ɗaura wa mai gadin makaranta.

Ana cikin haka wata safiya aka yi sallama. Wani mutum ne gajere mai faɗin kafaɗa, ya cire takalmi ya miƙo ƙafa tun kafin a gama gaisawa.

“Malam, ka gane ni? Ni na mai igiya. Dibi yatsan, har yau da shaida.”

Mijina ya dubi mutumin, ya dubi yatsan. Ya san sarai ba shi ba ne, don fuskar mai injin ba ta taɓa barin idonsa ba. To amma in ya ce ba kai ba ne, sai a ce ya aka yi ka sani, ba ka ce ƙagagge ba ne?  Ƙarshe dai ya ce, “Ikon Allah! A kawo ma baƙo ruwa.”

Aka kawo ruwa, aka kawo fura, aka kawo tuwon rana. Mutumin ya ci ya yi ƙat, ya ba mu labarin yadda ya ji a ransa da ya ga gora, har da share hawaye. Bai nemi komai ba, shi dai a san shi ne. Ya tafi yana gaya wa duk wanda ya gamu da shi cewa mai littafi ya karɓe shi hannu bibbiyu.

Ai kuwa kamar an buɗe ƙofa. Wannan ya zo daga tsibiri, wancan daga tungar da ban taɓa jin sunanta ba. Kowa da yatsansa. Akwai ranar da biyu suka haɗu a zaurenmu suka kusa dambe, kowa na cewa ɗan'uwansa maƙaryaci ne, suka juyo wurin mijina ya raba gardama, shi kuwa ya ce alwala ta kama shi. Har wani manomin gero ya zo, wanda da na matsa masa da tambaya ya amsa cewa bai taɓa mallakar ko kwalekwale ba, amma yana ji a jikinsa da yana da inji da shi za a yi wa. Shi ma ya ci tuwo.

Ni ke tuƙin, ni ke wanke-wanke. Ran nan na tare mijina a bakin ɗaki da muciya a hannu na ce, “Malam, inji nawa kas sata ne? Gaya min gaskiya in san yawan garin da zan riƙa niƙawa.”

Ya rantse guda ɗaya ne. Muka kalli juna, sai dariya ta ƙwace mana, muka yi ta yi har na zauna a kan turmi ina riƙe ciki. Da muka lafa na ce masa, ga maƙaryatan duniya suna cin tuwonka kullum, mai gaskiya ɗaya da Inna ke jira kuwa ka kasa zuwa wurinsa. 

Ba mu je ba, sai saƙo ya zo. Wani direban jirgi ya tsaya a wurin gyaran inji ya ce wani dattijo a wata tunga can wajen Shanga ya ce a gaya wa mai littafi, in bai zo ba shi zai zo, kuma zuwansa ba zai yi daɗi ba. Ashe can ya koma da zama tun bayan abin.

Mijina ya yi wanka ya sa babbar rigarsa ta Sallah, ya yi sallama da yara kamar mai tafiya aikin hajji, har yana gaya mini inda ya ajiye sifanunsa na gyaran inji. Na ce ai ƙafata ƙafarka, ba za a yi wannan kallon ba ni ba. A cikin jirgi aka gane shi, aka yi ta miƙo hannu ana gaisawa, wani ya zaro littafin ya ce don Allah ya karanta musu wurin gora da bakinsa. Ya karanta murya na rawa, mutane suka ɗauka salo ne, suka yi ta tafi.

Mun sami dattijon a gindin wata bishiya yana gyaran komarsa ta kamun kifi. Dogo ne siriri, gemunsa fari fat. Mijina ya zube tun daga nesa, ya rarrafo da babbar riga cikin yashi, ya ce, “Baba, ni ne. Ni ne na yi maka.”

“Na san kai na. Tashi, kana ɓata riga.”

“Baba, ka yafe mini don Allah.”

“Injin? Wane inji? Hukuma ta maido min abina, na yi aiki da shi har yam mutu don kainai. Wannan na yahe tun kana ɗaure. Ba don shi na kira ka ba.”

Ya ajiye komar ya gyara zama. Ya ce tun ranar da aka yi masa satar nan bai ƙara shiga taron masunta an bar shi lafiya ba. Mai barcin asara ake ce masa. Ana cewa wane irin mutum ne za a kwance inji daga ƙafarsa bai ji ba. Har surukansa sun yi masa dariya, abin da ya sa ya tattara ya bar Wara ke nan. Ya yi rantsuwa ya gaji cewa igiyar ba ta daina fizga ba, ba wanda ya yarda. Sai da jikarsa ta karanta masa littafin nan ya ji yadda aka yi, har da ruwan da aka zuba a gora don ta yi nauyi.

“Na ce alhamdu lillahi, ashe ba ni ad da laihi ba, ɓarawon na gwani. Ka wanke ni, yaro. To ina cikin murna, sai ni ji wai wasu ƙattan banza na yawo kasuwa-kasuwa suna cewa su na mai igiya, ana saya musu shayi! Har gidanka an ce suna zuwa kana ba su tuwo! Ni anka yi ma sata, ni as sha dariya, su ka cin suna?”

Na juya baya na toshe baki da gyale, kafaɗuna na rawa. Dattijon ya ce, “Ɗiyata, yi dariyarki, amma ni ba wasa nika yi ba.” Da na gaya masa maganar Inna, sai ya ce sharaɗinsa ɗaya: ranar kasuwar Wara, a gaban waɗanda suka yi masa dariya, mijina ya tashi ya faɗa da bakinsa wane ne mai igiya na gaskiya. In ya yi haka, ko tuwon ƙasa ne zai ci da shi.

Ka ga an zo wurin. Ba yadda za a yi ya nuna mai igiya ba tare da ya nuna mai gora ba, kuma a garinsu, inda aka haife shi. Kwanakin da suka rage kafin kasuwa bai yi rubutu ba, bai yi barkwanci ba. Na ji tausayinsa ƙwarai, amma ban nuna masa ba, don na san in na sassauta zai zame.

Ranar kasuwa bakin ruwan Wara ya cika, jirage sun jeru, ga masu kifi ga masu albasa. Dattijon ya iso cikin sabuwar riga da hula, da jikokinsa a baya. Mijina ya hau kan wani kifaffen kwalekwale, ya yi sallama sau biyu kafin a ji shi. Ya ce jama'a, littafin nan da kuke karantawa, wurin gora ba ƙagagge ba ne. An yi shi, a nan bakin ruwan. Sannan ya ce, “Kuma ni na yi.”

Aka yi tsit. Na ce a raina yau ko a jefe shi ko a yi masa ihu. Sai wata tsohuwa mai kifi ta ɗago kai daga kan tirenta ta ce, “To wa ab bai sani ba? Kai dai gaya muna wa am mai igiya, mu ji da rai!”

Kasuwa ta fashe da dariya. Ashe duk shekarun nan shi kaɗai ke ɓoyon abin da har yaran goye sun sani. Ya tsaya a kan kwalekwalen baki buɗe, sannan shi ma ya kama dariya, ya miƙa hannu ya jawo dattijon sama ya ce ga shi nan, wannan ne, kuma ya rantse da Allah igiyar ba ta daina fizga ba, ko wane ne a wurin sai ya yi barcinsa. Dattijon ya cire takalmi ya ɗaga ƙafa sama yana juyawa da ita kowane gefe, jikokinsa na riƙe da shi kada ya faɗi. Mata suka rangaɗa guɗa. Ban san lokacin da na yi tawa ba, ni da nake malamar makaranta. Wasu suka ce sai an gwada a gani, aka nemo gora da igiya, wani mai gardama ya kwanta ya rufe ido, mijina ya tuɓe babbar riga ya shiga ruwa. Aka gama sauya igiyar mutumin na kwance yana cewa a fara mana. Biyu daga cikin masu cin tuwona suna wurin, na ga sun sulale ta bayan masu albasa.

Daga kasuwa muka wuce gidan Inna tare da dattijon. Labari ya riga mu isa, amma fuskarta ba ta nuna komai ba. Na buɗe buhun shinkafar da muka zo da shi, na tuƙa tuwon shinkafa a murhunta, na yi miyar kifi. Aka kai wa maza akushi ɗaya a zaure. Inna ba ta yarda da a ce mata ba, sai da ta taso ta tsaya a bayan zana tana leƙe, ta ga dattijon ya sa hannu, ta ga ɗanta ya sa, ta ji dattijon na cewa ya yafe duniya da lahira. Sannan ta koma ɗaki ta zauna.

Na zuba a kwano na kai mata, na durƙusa.  Ta daɗe tana wanke hannu. Ta yi bisimilla ta gutsura, ta dangwali miya ta kai baki. Ta tauna a hankali, ta ƙara ta biyu, a ta uku ta tsaya ta zaro wani abu daga bakinta ta duba.

“Wagga shinkahwa da tsakuwa take. Ki ce ma wancan, buhu na gaba shi duba da kyau kahin shi biya.”

Na ce to, Inna. Na fito sai na gan shi a bayan ƙofa, ashe ya baro baƙonsa a zaure ya laɓe yana saurare. Ya zauna daɓas a ƙasa, hannunsa duk miya, hawaye na zuba yana dariya. Ya kama bakin zanena ya ce, “Na gaba tac ce, ko? Kin ji da kunnenki? Na gaba tac ce?”

Na ce na ji, ya sakar mini zane in je in ƙaro mata miya.